Shekarar da Aka Yi wa Ɗakin Ƙwari Feshi

Na ji abin da Gwaggonku Delu ta gaya muku ranar sunan ɗan Habibu. Ina cikin ɗaki ina neman hulata, labule kawai ke tsakaninmu. Ta ce ubanku da ma'aikacin gwamnati ne, aka kore shi don ya kashe dabbobin gwamnati, ya kuma yi wa Kwamishina rashin kunya a bainar jama'a. Na ji kuka fashe da dariya, har da ke Maryam da nake ganin kin fi sauran nutsuwa. Ban fito ba. Na zauna a bakin gado da hular a hannuna har aka shafa fatiha babu ni. Shekara arba'in da ɗoriya wannan magana tana yawo a danginmu, kowa yana ƙara mata gishiri, ni kuwa ina shiru. Wannan babi na rubuta shi ne don ku ji daga bakin mai abin. Ban kashe komai ba, kuma ban zagi kowa ba.

A lokacin soja ke mulki, ana ta raɗe-raɗin za su miƙa wa farar hula. Ina saurayi a gidanmu na Gada Biyu a Jos, Babana yana ɗinki a zaure, ni kuma kaina cike da ƙananan littattafan soyayya da ake kawowa daga kudu ana bazawa a ƙasa a bakin kasuwa. Na haddace su har na ɗauka haka duniya take: saurayi mai gaskiya yana shan wuya a tsakiyar littafi, a shafin ƙarshe kuma kowa ya zo ya ba shi haƙuri. Da wannan kai na samu aiki a wani ƙaramin sashe na masu dashen itatuwa, can bayan Rayfield, inda masu haƙar kuza suka tafi suka bar ramuka da tulin jar ƙasa da ko tsiro ba ta yi. A kan wannan ƙasa aka dasa itatuwan turare, layi bayan layi, don ya riƙe ta. Manoman ƙauyukan da ke kewaye ma aka raba musu dashe, suka kafa a iyakokin gonakinsu, suna sa ran azara da itacen girki. Sai ga wata tsutsa ta faɗa wa ƙananan itatuwan, tana cinye sabon ganye tun yana ja. Aka yi ta feshi, tsutsa ta ƙi ƙarewa, kifin kududdufan kuza ne ya riƙa tasowa ciki sama.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Mista Gyang, ɗan ƙasar ne, dattijo mai 'ya'ya bakwai, ba ya ɗaga murya. Ranar farko ya miƙo mini wata siririyar kwalba da aka toshe bakinta da auduga.

"Isiyaku, me ka gani a ciki?"

"Ba komai, Oga."

"Ni ba Oga ba ne, Oga yana ofis. Sake duba da wannan."

Ya ba ni gilashin ƙara girma. Sai na ga ɗige-ɗige suna tafiya a jikin kwalbar, kowace da fuka-fukai kamar an yanka su daga mayafin amarya, da jajayen idanu. Dangin zanzaro ne, amma ko tsinin allura ya fi su girma. Ba sa harbin mutum. Aikinsu guda: macen ta nemi ƙwan da tsutsar nan za ta fito daga ciki, ta huda shi, ta saka nata ƙwan. Maimakon tsutsa, sai 'yarta ta fito. Tun daga ranar na sa musu suna gimbiyoyi, Mista Gyang ya girgiza kai ya ƙyale ni.

Kiwonsu kuwa aikin haƙuri ne. Sai mun fara kiwon asun hatsi, irin wanda ke lalata dawa a rumbu, a cikin faranta cike da ɓarzajjiyar dawa, don ƙwansa muke so. Kowace safiya mu share ƙwan da gashin kaza, mu tace a rariya, mu shafa ƙaro a ƙaramin kati, mu barbaɗa a kai kamar ana barbaɗa gishiri. Mu sa katin a kwalbar gimbiyoyi, mu ja musu siririn layin zuma da tsinke, don ɗigo guda kan iya nutsar da su. Bayan 'yan kwanaki farin ƙwan ya koma baƙi, alamar an shige shi ke nan. Irin wannan baƙin kati ne za a rataya a jikin itace su ƙyanƙyashe a can. Daga kwalba biyu da aka kawo mana muka fara. Wata goma sha ɗaya muna yi, sanyin Jos yana kashe mana rabi muna sake tadawa, har kantoci suka cika.

A gida babu wanda ya fahimci aikina. Inna takan kama hanci in na shigo, ta ce in cire rigar a waje, ina warin tsohon rumbu. Mahaifiyarku kuwa, Zainabu, a lokacin gidansu yana bayan namu, kuma an riga an kai gaisuwa. Mahaifinta, Alhaji Mamman mai motocin ɗaukar dankali, da ya tambayi sana'ata sai kawuna ya ce ina aikin kiwo a gwamnati. Alhaji ya ɗauka shanun madara ne irin na Vom. Ranar da na je gaishe shi ya sa aka shimfiɗa mini buzu.

"To Malam Isiyaku, kai nawa ne a hannunka yanzu?"

"Alhaji, sun fi dubu ɗari."

Ya ajiye carbinsa. "Dubu ɗari! A ina kuke zuba su?"

"A kwalba, Alhaji."

Ya daɗe yana kallona. Da na gama bayani sai ya ce, "To. Ni dai gwamnati na ba 'yata, ba kwalba ba. Tunda akwai albashi da fansho, ko ƙuda kake kiwo Allah ya sa albarka."

Ku riƙe wannan magana tasa, za ta dawo.

Kuskurena guda ɗaya ne a duk wannan labari, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ɗakin da muke aiki ba shi da suna, lamba ce kawai a ƙofar. Ni kuwa na ga bai dace fadar gimbiyoyi ta zauna haka ba. Na samo allo, na saya masa fenti da kuɗina, na rubuta da manyan baƙaƙe, har da zanen fure a kusurwa: ƊAKIN ƘWARI. Da Hausa na rubuta don manoman da ke zuwa karɓar dashe su karanta su yi tambaya. Ban tsaya na yi tunanin cewa Hausa kalma ɗaya ta ba mu ba. Wanda ke cinye maka hatsi ƙwaro, wanda ke tsare maka gona ƙwaro.

Da damina ta kankama aka sa ranar sakin gimbiyoyi a gandun itatuwan. Kwamishina da kansa zai zo ya rataya katin farko, an gayyaci dagatai da manoma, an kuma aika musu tun da wuri cewa kowa ya ajiye famfon feshinsa, don magani ba ya bambance tsutsa da gimbiya. Shugaban sashenmu, Oga Tanimu, wanda a wata goma sha ɗayan nan sau biyu ya taɓa leƙa ɗakinmu, kuma duk biyun da hankici a hanci, sai ya tashi da zafinsa. Aka shafa wa duwatsu farar ƙasa. Aka yanke ciyawa. Ni kuma, da yammar da ta rage kwana huɗu, na yi abin da jaruman littattafaina za su yi. Na yanki ɗan siririn gefen wani sabon kati, bai kai faɗin farce ba, na sa a kwalba na kai wa Zainabu. A bayansa na rubuta mata cewa so ma haka yake, ba a ganinsa da ido amma yana da rai. Ta juya kwalbar ta ce, "Wasu samarin turare suke kawowa, kai kuma ƙwan asu." Ta dai karɓa.

Saura kwana biyu, ran Talata, Oga Tanimu ya tura ni da Mista Gyang cikin gandu mu kafa turakun da za a bi da baƙo. Kafin mu fita mun jera katunan saki duka a kan tebura, a buɗe, don su sha iska. Ashe Oga ya aika a kira duba-gari, wai kada sauro ko kyankyaso ya kunyata shi gaban Kwamishina. Umarnin da ya bayar, kuma masinja ya maimaita mini shi kalma da kalma daga baya, shi ne a kashe duk wani ƙwaro da ke harabar. Bai ce ban da ko'ina ba. Ya manta da mu ne ƙaf, alhali saboda mu ake taron. Malam Buba duba-gari, mutum mai tsoron Allah da riƙon aiki, ya zagaya ofisoshi da famfonsa, sai ya ga allona. Da azahar muka dawo muka same shi a bakin ƙofa yana wanke hannu, fuskarsa cike da fara'a.

"Samari, ai kun kyauta da kuka rubuta. Ban taɓa ganin ɗaki irin wannan ba, har hatsin ya ruɓe da su. Tanki biyu na juye masa. Ku bar shi a rufe zuwa gobe."

Mista Gyang ya wuce shi. Ya tura ƙofar. Warin ya buge mu har idanu suka kawo ruwa. Asu a ƙasa kamar an watsa dusa, katunan nan sun jiƙe sharkaf, ƙaron ya narke, audugar bakin kwalabe ta sha magani ta yi rawaya. Na ɗauki kwalba ɗaya na sa gilashi. Suna nan a ƙasanta, sun dunƙule, babu mai motsi. Ban taɓa jin haushin Malam Buba ba, ku ma kada ku ji. An ce ya kashe ƙwari, ya ga inda aka rubuta ƙwari, ya kashe.

Wanda nake jin haushinsa har gobe shi ne wanda ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da hankicinsa, ya dubi aikin shekara guda a ƙasa, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne:

"Katunan sun yage ne?"

"Ba su yage ba, Oga," in ji Mista Gyang. "Amma abin da ke ciki ya mutu."

"To a shanya su. Jibi a rataya. Wannan abin naku da ko ni ban taɓa ganinsa ba, wa zai gani? Kwamishina zai hau itace da gilashi ne? In ya tafi sai mu rubuta a aiko mana da wani iri."

"Manoma fa, Oga?" na ce. "An ce su daina feshi."

"Kai Isiyaku, kai za ka yi wa mutane bayani da Hausa, tunda bakinka ya iya zuba. Abin da ka shirya faɗa shi za ka faɗa. Ka ji ni?"

Da na koma gida na gaya wa Baba, yana kan keken ɗinki. Bai tsayar da ƙafarsa ba sai da ya kai ƙarshen layi, ya ciji zare.

"Kai ka kashe su?"

"A'a, Baba."

"Kai ka ce a rataya?"

"A'a."

"To alhakin yana wuyan wanda ya ce. Saura wata biyu ɗaurin aurenka. Ka karanta abin da aka ba ka, ka dawo gida."

Delu tana daga tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago murya ta ce, "Yaya, in dai a kan ƙwaro ne, ka zo ɗakin Inna ka kwashi kuɗin cizo ka kai musu." Ita ce yau take ba ku tarihina.

Wallahi da niyyar bin maganar Baba na fita ran Alhamis. Aka kafa rumfa, 'yan makaranta suka yi waƙa, Kwamishina ya iso a doguwar mota. Na tsaya da kati a hannu, busasshe, yana ɗan warin kananzir in ka kai hanci. Na yi bayanin tsutsa, na yi na asu, na yi na zuma da ƙaro, muryata ba ta ko rawa. Oga Tanimu yana gyaɗa kai. Kwamishina ya rataya katin, aka tafa. Da a nan aka tashi, da yau ina karɓar fansho. Sai wata tsohuwa daga cikin manoma ta miƙe, da zane a kafaɗa da guntun dashen turare a hannunta wanda tsutsa ta yi wa kaca-kaca. Na san ta, Ngo Kaneng ake ce mata, takan zo karɓar dashe da ƙafa daga ƙauyensu. Ba Kwamishina ta kalla ba, ni ta kalla.

"Yaro na, ni ba ya jin Turanci, kai ne ya gaya mana da Hausa. Itace na ɗari biyu, na dasa ma jikoki na. Maganin feshi yana gida, na ajiye. In na rataya wannan takarda, shi ke nan, ba zan yi feshi ba? Ka gaya mini gaskiya, ni zan yi abin da ka ce."

Na dubi Mista Gyang. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, saura masa shekara biyu ya yi ritaya, ga baki bakwai a gida. Na dubi katin. Sai na ji bakina yana cewa:

"Ngo, kada ki ajiye famfonki. Wannan katin babu rai a cikinsa. Shekaranjiya aka yi wa ɗakinmu feshi, duk suka mutu."

Wannan ita ce rashin kunyar da na yi wa Kwamishina, ba ƙari ba ragi. Ko sunansa ban ambata ba. Ya juya ya tambayi Oga da Turanci me yaron nan ya ce, Oga ya raɗa masa wani abu, sai Kwamishina ya miƙe, ya shiga mota ko lemon da aka ajiye masa bai sha ba. A littattafaina, nan ne babban mutum zai dafa kafaɗar saurayi ya ce ƙasa tana bukatar irinka. Ni kafin la'asar aka miƙo mini takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke kira kweri. An rubuta cewa na bar ɗakin gwaji a buɗe, na kafa allo ba da izini ba wanda ya jawo asarar dukiyar gwamnati, na kuma tozarta ofis gaban baƙo. Sunan wanda ya kira duba-gari bai fito ko sau ɗaya ba.

Na shiga gida na zube a tabarma. Inna ta tambaya lafiya, na ce Oga ya ba ni kweri.

"To alhamdu lillahi," in ji ta, don ita ƙwari ta ji. "Ya sake ba ka waɗansu ke nan. Sai ka kula da su wannan karon."

Na yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan dariyar ta tsaya, hawayen suka ci gaba. An dakatar da ni a ranar, takardar kora ta biyo baya. Alhaji Mamman kuwa bai ɓata lokaci ba. Ya aiko kawuna da saƙo cewa shi gwamnati ya ba 'yarsa, tunda gwamnati ta janye, a dakata tukuna.

Kwana uku bayan taron, da hantsi, ina zaure ina taya Baba ɗaura maɓallai, sai ga Zainabu da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta durƙusa ta gaida Baba, sannan ta zaro kwalbar nan daga cikin mayafi. Ni har na manta da ita. Ashe a cikin kwanon sha ta ɓoye ta, a bayan jeren Innarta, inda ɗumin ɗaki ke zama.

"Malam Isiyaku, ƙurar da ka ba ni tana tafiya."

Na fito da ita hasken rana. Ɗige-ɗige a jikin gilashi, suna hawa suna sauka. Ba su fi arba'in ba. A duk faɗin ƙasar nan su kaɗai suka rage mana. Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ta ce in cire audugar in sake su a nan Gada Biyu, su bi iska, Oga Tanimu ya je ya nemi nasa. Na ma faɗa da baki. Zainabu ta dube ni ta ce:

"Tsohuwar da ka gaya wa gaskiya fa? Ita ma iska za ta bi?"

Na ari keken maƙwabcinmu, na sa kwalbar a aljihun ƙirji, na taka har gidan Mista Gyang. Na same shi ya riga ya samo dawa mai asu daga wani rumbu ya jera a ɗakin ajiyar matarsa, wai ko Allah zai sa a aiko da iri. Da ya sa gilashi ya gani, sai ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Isiyaku, ka yafe mini." Na ce ya kawo zuma da tsinke, yunwa suke ji.

Daga wannan arba'in ɗin ya sake tada ɗakin. Da damina ta zagayo aka rataya katuna masu rai, tsutsa ta ja baya, aka rubuta rahoto cewa shirin ya yi nasara a ƙarƙashin jagorancin Oga Tanimu, aka ƙara masa girma aka kai shi hedikwata. Mista Gyang ya rubuta takarda sau biyu yana roƙon a mayar da ni, ba a amsa ko ɗaya ba. Babu wanda ya zo ya ba ni haƙuri, ba a shafin ƙarshe ba, ba a ko'ina ba. Na gaji keken ɗinkin Baba. Shekara biyu da rabi Zainabu tana mayar da masu neman aurenta, har Alhaji ya gaji ya ce a zo a ɗaura, tela ma mutum ne. Ranar ɗaurin auren, wata tsohuwa da babu wanda ya san ta a unguwar ta iso da ƙafa, da damin azara shida a kan jikokinta, miƙaƙƙu, na turare. Da su aka yi rufin ɗakin da aka haife ku duka.

Saboda haka in Gwaggonku ta sake tada zancen, kada ku yi mata musu, babbarku ce. Ku shiga tsohon ɗakin mahaifiyarku ku ɗaga kai ku ƙirga azarar. Sannan ku roƙi mahaifiyar taku ta buɗe muku kwanon shan nan mai murfi da ba ta bari kowa ya taɓa. Kwalbar, wadda Mista Gyang ya dawo mana da ita, tana ciki, da ɗan guntun katin, rubutuna ya kusa gogewa. Takardar korar ma tana nan a ƙarƙashinta, na ninke ta huɗu. Ku karanta duka biyun, ku ga wacce ta faɗi gaskiya.